Wai allura ta fi ƙwaya ƙarfi?

Mu dai nan Katsina in mutum ya je asibiti aka ba shi ƙwayoyi kawai, sai ya fito yana ƙunƙuni wai likitan bai duba shi da kyau ba, ko allura ɗaya babu balle ƙarin ruwa. Wallahi ba haka abin yake ba jama'a. Maganin da ka haɗiya shi ma cikin jini yake zuwa, hanya ce kawai ta bambanta.

Ɗauki maleriya. In ba ta yi tsanani ba, ƙwayar maganinta ta kwana 3 da ake kira ACT ta isa. Allurar artesunate ta wanda jikinshi ya rikice ne, yana ta amai ko suma ko jijjiga, shi ma da ya fara iya haɗiya ƙwayar ake maida shi.

Kuma allura fa huda jiki ce, in sirinjin ba sabo ba ne ana ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau, wani kuma wurin allurar ya ƙulle ya yi ruwa, yaro kuwa in aka kuskure aka taɓa jijiyar ɗuwawu ƙafar na iya shanyewa. Shi ya sa in likita ya ce ƙwaya, kar ka biya kemis a yi maka allura, tambayi likitan dalili, zai gaya maka.