Auna gudummawar ma'aikatun gwamnati wajen rage talauci

Auna gudummawar ma'aikatu wajen rage talauci aiki ne na bin diddigin abin da kowace ma'aikata ko hukumar gwamnati ta yi da kuɗin da aka ware mata, domin a gane ko aikin nata ya taɓa rayuwar talaka kamar yadda ƙasa ta ƙudurta. Buƙatar hakan ta taso ne saboda babu ma'aikata ɗaya da talauci yake ƙarƙashinta ita kaɗai. Ruwan sha yana hannun wata, makaranta tana hannun wata, hanyar da manomi zai bi ya kai amfanin gonarsa kasuwa tana hannun wata daban. Idan ba a ɗora wa kowace nata alhakin ba, duk za su ce sun sauke nauyi, talaka kuwa yana nan jiya i yau.

Asali

Tsarin ya bunƙasa daga 1999, lokacin da Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya suka shardanta wa ƙasashe matalauta masu neman a yafe musu bashi cewa sai kowace ta rubuta dabarun rage talauci nata. Nijar ta fitar da nata a 2002. Uganda ta riga kowa, domin ta tsara shirinta na kawar da talauci tun 1997, a 1998 kuma ta buɗe asusu a cikin kasafin kuɗi wanda ya keɓe kuɗin firamare, kiwon lafiya matakin farko, ruwa da hanyoyin karkara, don kada a zaftare su idan kuɗin shiga ya gaza.

A Uganda ɗin ne aka yi binciken da har yau ake kafa hujja da shi. A 1996 masu bincike suka bi sawun tallafin da gwamnati ke tura wa makarantun firamare bisa yawan ɗalibai, tun daga baitulmali har ofishin hedimasta. Suka tarar cewa tsakanin 1991 da 1995, kashi 13 cikin ɗari kacal ne ke isa makarantu. Sauran yana maƙalewa a ofisoshin gundumomi. A takarda ma'aikatar ilimi ta kashe kuɗinta daidai, alhali makarantu da yawa ko sisi ba su gani ba. Gwamnati ta fara buga adadin da ta tura wa kowace gunduma a jaridu, aka kuma umarci makarantu su liƙa abin da suka karɓa inda iyaye za su gani. Zuwa 2001 abin da ke isa ya kai kusan kashi 80. Masana suna da saɓani kan ko jaridun ne kaɗai suka jawo haka, tunda a tsakanin an soke kuɗin makarantar firamare, amma darasin bin kuɗi har inda ya ƙare ya zauna.

Abin da ake aunawa

Matakin farko shi ne kuɗi: nawa aka ware, nawa aka saki, kuma a wane wata. Na biyu shi ne abin da aka samar, kamar ajujuwa, rijiyoyin burtsatse ko allurar rigakafi. Na uku, wanda shi ne zancen, shi ne ko yara sun iya karatu, ko mace-macen mata wajen haihuwa sun ragu. Yawancin rahotannin ma'aikatu suna tsayawa a na biyu, saboda ƙirga gini ya fi sauƙi, kuma asibitin da ba ungozoma ba magani shi ma ana lissafa shi cikin nasarori. Na ukun yana da wuyar gaske, domin fari, tsadar kaya ko rashin tsaro suna iya shafe ƙoƙarin ma'aikatar da ta yi aiki tsakani da Allah.

Akwai kuma batun wanda zai yi awon. Meziko ta kafa hukuma ta musamman mai suna CONEVAL a 2005 don tantance shirye-shiryen jin daɗin jama'a na ma'aikatu. Ruwanda tun 2006 take sa shugabannin gundumomi su rattaba hannu kan alkawarin aiki da ake kira imihigo a gaban shugaban ƙasa, a ba su maki a bainar jama'a, ko da yake ana sukar tsarin da cewa yana sa jami'ai kumbura alƙaluma.

A Najeriya

A 2005 ƙasashen Kulob ɗin Paris, wato ƙungiyar ƙasashe masu ba da bashi, suka yafe wa Najeriya bashin dala biliyan 18. Gwamnatin Olusegun Obasanjo ta yi alkawarin karkatar da kimanin dala biliyan ɗaya da za a riƙa samu rara duk shekara saboda yafiyar zuwa ayyukan rage talauci. Ba a buɗe wa kuɗin asusu daban ba. An zuba su cikin kasafin ma'aikatu irin su lafiya, ilimi, ruwa da noma, aka yi musu alama don a iya bin sawunsu. Ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan muradun ƙarni, wato manufofin raya ƙasa na Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙarƙashin Amina Mohammed, shi ya kula da aikin, yana tura ƙwararru masu zaman kansu da ƙungiyoyin farar hula su je su ga ayyukan da idonsu. Wannan shi ne yunƙuri mafi tsari da ƙasar ta yi a wannan fanni, kuma abin takaici ne da bai zama ɗabi'ar dukan kasafin kuɗi ba.

A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin fitar da mutum miliyan 100 daga talauci cikin shekara goma. A Nuwamban 2023 ministocin Bola Tinubu suka sa hannu kan yarjejeniyar cika aiki. A tsakani, a 2022, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da ma'aunin talauci mai fuskoki da yawa, wanda ya nuna mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari, suna cikin talauci. Amfanin wannan ma'auni shi ne yana rarrabe rashi zuwa lafiya, ilimi, yanayin zama da aikin yi, don haka ana iya nuna ma'aikatar da kowane gibi ya shafa.

Sai dai makarantun firamare da ƙananan asibitoci suna hannun jihohi da ƙananan hukumomi ne, saboda haka makin da aka ba minista a Abuja ba ya nuna komai game da su. Alƙaluman 2022 sun nuna tazarar da ke tsakanin jihohi: masu fama da talauci kashi 27 ne a Ondo, kashi 91 a Sakkwato.