Waiwaye: yadda aka daɗe ana farautar bariyabul na gama-gari a burawza

Wannan matsala fa ta girmi da yawa cikin masu rubuta JavaScript na yanzu. Tun 1995 da Brendan Eich ya ƙirƙiro yaren a kamfanin Netscape aka bar wata ƙofa a buɗe, wato in ka rubuta x = 5 ka manta ba ka sa var ba (kalmar da ake ayyana bariyabul da ita, wato sunan da ke riƙe da wata ƙima), burawza ba za ta ce maka uffan ba, sai kawai ta liƙa x ɗin a jikin window, wato babbar ma'ajiyar sunaye ta shafin baki ɗaya, shi kenan ya zama na kowa da kowa, duk kod ɗin da ke shafin zai iya taɓa shi ko ya danne shi. Wanda ya taɓa kwana yana neman inda lissafinsa ya lalace saboda wannan ya san zafin abin.

To ya za a yi mutum ya sani lokacin da sabon bariyabul irin wannan ya shigo? Dabarar da ta fi yaɗuwa ita ce ƙirga: ka lissafa sunayen da ke window kafin kod ya gudana, ka sake lissafawa bayan nan, ko ka buɗe iframe (ƙaramin shafi a cikin shafi) fanko ka kwatanta da shi. Irin wannan ƙirgar kayan gwajin kod ke yi, QUnit da zaɓin noglobals, Mocha kuma da check-leaks. Tana aiki, amma ihu ne bayan hari, za ka ga sunan amma ba za ka ga layin da ya haifo shi ba.

An kuma nemi hanyar da burawza za ta sanar da kai nan take. Firefox na da watch a da, mai sa ido kan suna ɗaya, sai dai dole ka san sunan tun farko. Object.observe, mai ba da rahoton canje-canjen da aka yi wa abu, shi ne ya sa mutane suka ɗora rai sosai, ya shigo Chrome 36 a 2014, amma a ƙarshen 2015 aka janye shawarar sa shi cikin ƙa'idar yaren, Chrome 50 ya cire shi. Proxy, mai tsayawa a madadin abu ya ga duk taɓawar da aka yi masa, ya zo a 2015, shi ma dai ba ka da ikon musanya window ɗin ainihi da naka.

Ni a ganina abin da ya taimaka da gaske shi ne hanawa tun kafin a kai ga ɓarnar. JSLint na Douglas Crockford, manhajar duba kod, tun 2002 yake kama irin wannan a rubuce, ES5, bugu na biyar na ƙa'idar yaren, a Disamban 2009 ya kawo "use strict" wanda ke jefa saƙon kuskure na ReferenceError nan take a kan layin, ESLint, wata manhajar duba kod, ya biyo a 2013 da dokar no-undef, kuma modul na 2015 (sabon tsarin raba kod fayil-fayil) da ma a tsaurare yake zuwa, kamar an sa "use strict".

Abin da ke damuna har yau shi ne kod ɗin wasu da kake ɗorawa a shafinka, na talla da makamantansu, ba kai ka rubuta ba balle ka tsaurara shi. Kuma in suka yi amfani da let ko const (sababbin takwarorin var) a saman fayil, sunan na gama-gari ne amma ba ya hawa jikin window, don haka tsohuwar ƙirgar nan ba ma za ta gan shi ba.