Mene ne "polen"? A tambayi bado

Ɗalibi a Tahoua ya ji malamin kimiyya ya ce "polen" a lakwal, sai ya ɗauka wani baƙon abu ne. Bununi ne fa, wannan garin mai ruwan ɗorawa da ke zuba daga kan hatsi har ya ɓata rigar manomi. Kowace ƙwayarsa tana ɗauke da irin namiji. Iska ko ƙwaro ya kai ta ga macen fure, sai a samu tsaba.

Yadda ake ƙera ƙwayar ne abin kallo. A cikin fure, uwar ƙwaya ɗaya ke rabuwa ta ba da ƴaƴa 4 manne da juna. Kafin su watse, kowace ta fara gina wa kanta ɓawo mai taurin gaske, wanda kan kwana cikin laka shekaru miliyoyi bai ruɓe ba. A jikin ɓawon akwai ƙofar da tsiro zai ɓullo, kuma ita masana ke dubawa da madubin ƙara girma, kamar yadda dattawa ke gane asalin mutum da tsagar fuskarsa.

Wake, kuɓewa, gyaɗa da yawancin itatuwanmu sun fito daga zuriyar masu ƙofa 3. Bado kuwa, wanda ke shimfiɗe a tafkuna da gaɓar kogin Isa, ƙofarsa ɗaya ce, ta zagaye ƙwayar kamar bakin murfin tukunya. Ƙofa ɗaya tsohon yayi ne. Zuriyar bado ta ware tun farkon bayyanar tsirrai masu fure, sama da shekara miliyan 100 da suka wuce. Reshen da ya riga shi warewa, nau'in tsiro ɗaya tak ya rage a cikinsa, Amborella, can tsibirin Sabuwar Kaledoniya.

Abin da ya fi burge ni shi ne labarin lotus na Asiya. Ganye faffaɗa, fure babba, zama cikin ruwa: an daɗe ana lissafa shi a dangin bado. Amma bununinsa ƙofa 3 gare shi, kuma binciken ƙwayoyin halitta ya zo ya tabbatar da cewa danginsa na kusa itatuwan tudu ne. Maƙwabtaka ce kawai ta haɗa shi da bado, har kama ta shiga.

Farin badonmu da dare yake buɗewa. A daren farko mace ce, tana karɓar bununin da ƙwari suka kwaso daga wani fure. Sai a dararen da ke biye yake sakin nasa.