Guraben ƙaro ilimi na wucewa, ma'aikatan lafiyar Zango muna kallo

Wata ranar awon jarirai a unguwar Aboabo da ke Kumasi, masu bincike suka zo mana da takardun tambayoyi a kan rigakafi, an rubuta su da Turanci da Twi. Wata Hajiya da ta kawo jikanta, duk abin da aka tambaye ta sai ta ce "to". Na ajiye ma'auni na matsa kusa da ita.

"Hajiya, cewa suke, me ya hana a kawo yaron nan wancan watan?"

"Ɗiyata, ai tun da farko da haka suka ce. Allurar baya ta kumbura masa cinya, ubansa ya rantse ba za a sake ba."

Amsar da suka yi rabin awa suna nema ke nan. Aka rubuta, aka gode mini da baki, motarsu ta tashi. Har yau ina tunanin abin: mu ke da harshen, mu muka san gidajen, amma in an zo rubuta rahoto, matsayinmu bai wuce na tafinta ba. Laifin kuwa ba na baƙi kaɗai ba ne. Sanarwar karatu da ta aiki na fitowa daga jami'o'inmu duk shekara, mu muna ɗauka ta malamai da farfesoshi ce.

A nan Kumasi, jami'ar KNUST na da makarantar kiwon lafiyar al'umma, kuma a harabarta cibiyar bincike ta KCCR take, wadda aka kafa a 1997 da haɗin gwiwar wata cibiyar Jamus da ke Hamburg. KCCR ce ta riƙa gwajin korona na yankin nan da arewacin ƙasa a 2020. Allurar zazzaɓin cizon sauro da Ghana ta fara bai wa yara a 2019, tare da Kenya da Malawi, an gwada ta tun da farko a Agogo da Kintampo. Irin wannan aiki ba likitoci kaɗai ke yin sa ba. Ana ɗaukar nas-nas, da masu bin gida-gida, da masu shigar da bayanai a kwamfuta, da masu kula da ɗakin gwaji. Wanda ke jin Hausa da Twi da Turanci, in ya rubuta haka a takardar neman aiki, ya sha gaban mutane da yawa. Mu kan ji nauyin rubutawa, kamar Hausar ba ƙwarewa ba ce.

A Legon da ke Accra kuma, makarantar kiwon lafiyar al'umma ta Jami'ar Ghana tana nan tun 1994. Can ake horar da masu bin sawun annoba, irin waɗanda aka nema ido rufe a 2022 lokacin da cutar Marburg ta ɓulla a yankin Ashanti, karon farko a ƙasar nan. Can ne kuma shirin TDR na Hukumar Lafiya ta Duniya, mai binciken cututtukan ƙasashe masu zafi, ke ɗaukar nauyin masu neman digiri na biyu. Mai son fita waje, akwai tallafin Chevening na Birtaniya, wanda ke neman mai shekara biyu na aiki, da tallafin karatu na DAAD na Jamus.

Inda muke faɗuwa shi ne takardu. Wata ƙanwata a wurin aiki ta ga sanarwar tallafi saura kwana tara a rufe. Ta cancanta, ba tantama. Amma takardar sakamakonta tana makarantar da ta gama, fasfonta ya mutu, shugaban da zai rubuta mata wasiƙar shaida ya tafi taro. Ta yi ta zirga-zirga a trotro, wato motar haya, har ranar ta wuce. Takardar sakamakon ta iso bayan mako uku, tana nan cikin jakarta. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ku nemi takardunku yanzu da babu sanarwar komai, ku ɗauki hotonsu ku adana a waya da imel. Ku gaya wa shugabanninku niyyarku tun da wuri, domin takardar shiga jami'a daban, izinin hutun karatu da albashi daban, kuma na biyun ya fi cin lokaci. Akwai waɗanda suka samu gurbi suka rasa izini.

Ƙananan tarukan ƙara wa juna sani ma kada a raina su. Da makin da ake samu a nan nas ke sabunta lasisinta, kuma a nan ake haɗuwa da malamin da gobe zai tuna da sunanka in yana neman ma'aikata. Sai dai a yi hattara: ba kowace sanarwa da ke yawo a WhatsApp ce ta gaskiya ba. Wadda ta ce a tura kuɗi ta lambar wani mutum kafin a ba da gurbi, a bar ta. A duba shafin jami'ar, ko a taka a je ofishin sashen a tambaya.

Ga iyayenmu maza da mazajen 'yan'uwanmu kuma, ina roƙo: in ta ce za ta Legon shekara guda, a zauna a tsara wanda zai riƙe yara, kada a ce "sai baɗi". Mu ma'aikatan Aboabo da Asawase da Sawaba, duk wanda ya ga sanarwa ta gaskiya ya tura wa 'yan'uwa ran da ya gan ta, da ranar rufewa a layin farko.