Layin ƙasan allon kwamfutata ya canza haka kawai: bairos ne?

Mutum ya kashe kwamfutarsa da dare lafiya lau, gari ya waye ya kunna, sai ya tarar da dogon layin nan na ƙasan allo, wanda Windows ke kira Taskbar, ba yadda ya bar shi ba. Ko ya koma gefe, ko launinsa ya sauya, ko tamburan manhajojin da ya jera a kai sun ɓace, ko wani baƙon abu ya zauna kusa da agogo. Abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne bairos. Tsoron ba laifi ba ne. Abin da ke damuna shi ne gaggawar yin fomatin, wato goge komai da ke kwamfutar, domin na ga waɗanda suka rasa hotuna da takardun shekara da shekaru a kan matsalar da gyaranta bai kai minti biyu ba.

Sauyin layin ƙasa shi kaɗai ya isa a ce bairos ne?

Bai isa ba, kuma galibi ba shi ba ne. Mugayen manhajojin zamanin nan sata ce ke kawo su: kalmomin sirri, bayanan banki, ko ƙarfin injin don haƙar kuɗin kirifto. Mai sata kuwa ba ya son a ji motsinsa, saboda haka abin da idonka ke kallo kullum shi ne na ƙarshe da zai so ya taɓa. Layin ƙasa ɓangare ne na wata manhaja mai suna explorer.exe, wadda ita ce kuma ke nuna foldodi da tamburan da ke fuskar allo. Duk abin da ya girgiza ta, ko sabuntawa ce ko direban hoto (manhajar da ke sarrafa abin da allo ke nunawa) ko fayil da ya lalace, a layin ƙasa ake fara ganin alamarsa.

To idan ba bairos ba ne, me ya taɓa shi?

Na farko hannu, naka ko na yaron da ya zauna a gaban kwamfutar. A Windows 10, idan layin ba a kulle yake ba, ja ɗaya da maus ya isa ya kai shi dama, hagu ko sama. Idan ɓacewa yake yi sai ka kai maus ƙasa ya leƙo, an kunna ɓoye-kai ne a saitinsa. Idan a cikin burauza kaɗai yake ɓacewa, danna F11, mai yiwuwa shafin ne ya cike allo. Idan kuwa launuka sun rikiɗe gaba ɗaya, baƙi wuluk da rubutu mai haske, duba ko an danna Alt na hagu da Shift na hagu da Print Screen tare, domin su ke kunna launukan da aka tanada wa masu raunin gani.

Na biyu, kamfanin Microsoft da kansa. A 2021 masu Windows 10 sun wayi gari da hoton gajimare da ma'aunin zafi a kusa da agogo, ba tare da sun saka komai ba. Sabuntawa ce ta kawo shi. Windows 11 da ya fito a Oktoban 2021 ya tattara tambura a tsakiya, kuma a 2023 tambarin Copilot, mataimakin AI na Microsoft, ya fara bayyana wa mutane a layin. Akwai ma abin da ya fi wannan. Ranar 13 ga Janairun 2023 wata sabuntawa ta Microsoft Defender, manhajar tsaron da ke zuwa tare da Windows, ta yi kuskure, ta riƙa goge gajerun hanyoyin buɗe manhajoji daga Start da layin ƙasa a kwamfutocin ofisoshi da dama. A ranar, manhajar tsaron ce da kanta ta yi ɓarnar da kowa zai rantse aikin bairos ne.

Na uku ya fi kowanne tayar da hankali. Ka shiga, ka tarar duk abin da ka jera a layin babu, hoton bango ya sauya, fuskar allo fayau kamar sabuwar kwamfuta. Sau da yawa Windows ne ya kasa buɗe asusunka, sai ya shigar da kai wani na wucin gadi, kuma yakan nuna ɗan saƙo a kusurwa yana faɗin haka. Fayilolinka suna nan. Buɗe C:\Users ka leƙa foldar da ke ɗauke da sunanka. Kada ka ajiye wani sabon aiki a wannan asusun, domin yana gogewa da zarar ka fita. Ka sake kunna kwamfutar sau ɗaya ko biyu, sau da yawa asusun yakan dawo.

Ta yaya zan gane abin da ya faru a ranar da ya canza?

Wannan ita ce tambayar da nake so kowa ya fara da ita. Danna maɓallin Windows da R, ka rubuta perfmon /rel. Wani jadawali zai buɗe, kwana-kwana a jere, yana nuna ranar da aka saka manhaja, ranar da sabuntawa ta shigo, da ranar da wani abu ya tsaya cak. Nemo ranar da ka fara ganin sauyin ka danna ta. Daga nan ka je jerin manhajojin da ke kwamfutar a cikin Settings, ka jera su bisa ranar sakawa. Idan sauyin ya zo rana ɗaya da sabuntawar Windows, hankalinka ya fara kwanciya. Idan ya zo rana ɗaya da wani wasa ko Office na bogi da ka sauko, ko ka ga sunaye biyu ko uku da ba ka sani ba sun shigo a wannan ranar, to akwai aiki a gabanka.

Waɗanne alamomi ne ke nuna lallai akwai matsala?

Sauyin layi idan ya zo da rakiya. Ka danna Ctrl da Shift da Esc, maimakon Task Manager, mai nuna manhajojin da ke aiki a kwamfutar, ya buɗe sai a ce maka mai kula da kwamfutar ya hana, alhali kwamfutar taka ce ba ta ofis ba. Ko ya buɗe ya rufe kansa nan take. Ko ka shiga Windows Security ka tarar an kashe kariya, ka kunna, ta sake mutuwa. Ko ka cire wani tambari daga layin, da ka sake kunna kwamfuta sai ga shi ya dawo. Ko fanka na ta gurnani alhali ba ka buɗe komai ba.

Akwai wuri guda da nake son ka leƙa da idonka. Danna tambarin burauzarka a layin da maɓallin dama na maus, ka sake danna sunanta da na dama a ɗan jerin da ya fito, ka zaɓi Properties. A akwatin da aka rubuta Target, rubutun ya kamata ya ƙare da sunan manhajar, misali chrome.exe, sai alamar rufe zance. Idan bayan nan ka ga an liƙa adireshin wani shafin intanet, wannan aikin manhajar tallace-tallace ce: duk sanda ka danna tambarin, shafinsu zai fara buɗewa, ko sau nawa ka gyara saitin burauzar. Goge adireshin, ka bar sauran.

A cikin Task Manager kuma, nemo Windows Explorer, wato explorer.exe ɗin nan, ka danna shi da dama ka buɗe wurin da fayil ɗin yake. Na gaskiyar yana C:\Windows. Wanda ka samu mai irin wannan suna a cikin foldar AppData ko Temp, sojan gona ne.

Tsofaffin hannu za su tuna zamanin Windows XP, lokacin da wasu manhajojin tsaro na ƙarya ke sa kalmomin VIRUS ALERT! su bayyana a jikin agogo. Ba wani abin mamaki suka yi ba, tsarin rubuta lokaci kawai suka sauya a rijistar Windows, wato ma'ajiyar saitunansa, shi ya sa rubutun ke zama ko bayan an cire cutar, sai an je saitin yanki da lokaci an mayar da shi. Har yau haka abin yake: cire cuta daban, gyara ɓarnar da ta bari daban.

Saƙonni na ta fitowa daga kusurwar dama suna cewa kwamfutata ta kamu. In danna?

Kada ka danna. Yawancinsu ba daga Windows suke ba, ba kuma daga manhajojin tsaro irin McAfee ko Norton da suke aron tambarinsu ba. Wani shafi ne ya taɓa neman izinin turo maka sanarwa ka amince, shi ne yake amfani da damar. Duba ƙaramin rubutun da ke jikin saƙon, za ka ga sunan burauzarka da adireshin shafin. Shiga saitin burauza, sashen izinin shafuka, wurin sanarwa, ka cire duk wanda ba ka sani ba. Idan saƙon ya ba da lambar waya a kira, damfara ce kai tsaye, domin saƙonnin gargaɗin Microsoft ba sa ɗauke da lambar waya.

Na ga alamomin. Da me zan fara?

Idan maus na motsi da kansa, ko ana aiko maka da sanarwar shiga asusunka daga wani wuri, katse intanet kafin komai. In ba haka ba, bar shi a haɗe tukuna ka sabunta Windows Security, domin bincike da tsohon bayani ɓata lokaci ne. Kwafe takardu da hotunanka zuwa wani faifai na waje, amma ban da manhajoji da fayilolin sakawa.

Sai ka yi cikakken bincike, ba na gaggawa ba. Bayansa ka koma wurin zaɓin nau'in bincike ka zaɓi Microsoft Defender Offline. Wannan zai sake kunna kwamfutar ya yi aikinsa kafin Windows ya tashi, wajen minti 15, lokacin da cutar ba ta farka ba balle ta ɓuya. Ina ba shi muhimmanci ƙwarai, kuma mutane kaɗan ne ke amfani da shi. Don jin ta bakin na biyu, Malwarebytes da AdwCleaner sun ƙware wajen kama manhajojin tallace-tallace masu sauya tambura da shafin farko. Ka sauko su daga shafin kamfanin kansa, ba daga talla da ta fito a saman sakamakon bincike ba.

Mai ɗan zurfin sani ya ƙara da Autoruns, manhajar kyauta daga Sysinternals na Microsoft. Tana baje duk abin da ke tashi tare da Windows, har da ayyukan da aka tsara su riƙa tashi da kansu, wanda nan ne abin da kake cirewa yana dawowa ya fi yawan maƙalewa. Tana iya tambayar VirusTotal, shafin da ke duba fayil da manhajojin tsaro masu yawa, a kan kowane fayil. Abin da kake shakka, cire alamar da ke gefensa kawai, kada ka goge, don ka iya mayarwa idan ka yi kuskure.

Bincike ya ce babu komai, amma layin bai daidaita ba.

Sake tayar da Windows Explorer daga Task Manager. Layin zai ɓace na daƙiƙa kaɗan ya dawo. Idan bai yi ba, buɗe Command Prompt, tagar rubuta umarni, da ikon mai kula, ka rubuta DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, idan ya gama ka bi shi da sfc /scannow; su biyun fayilolin Windows da suka lalace suke gyarawa. Sannan ka buɗe sabon asusu a kwamfutar ka shiga. Idan layin lafiya yake a can, matsalar a tsohon asusunka take, ba a Windows baki ɗaya ba, sai ka kwashe fayilolinka zuwa sabon.

An kama abu an cire. Shi ke nan?

Ya danganta da abin da aka kama. Idan manhajar talla ce, cirewa da duba ƙarin kayan da aka liƙa wa burauza sun wadatar. Idan kuwa mai satar bayanai ce, ko mai ba wani damar sarrafa kwamfutar daga nesa, ka ɗauka duk kalmar sirrin da burauza ta adana ta riga ta fita. Sauya su daga wata na'ura mai tsabta, ka fara da imel, domin ta nan ake dawo da sauran asusun. Ka fitar da duk na'urorin da ke cikin kowane asusu, saboda irin waɗannan manhajoji kan sace shaidar shiga da burauza ke riƙewa, wadda ke buɗe asusu ba tare da kalmar sirri ba. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu.

A irin wannan hali ne, ko idan cutar ta ci gaba da dawowa bayan binciken Offline, nake ba da shawarar a goge komai a ɗora Windows sabo daga filashin da aka haɗa a wata kwamfuta. Idan Windows 10 ne, ka sani Microsoft ya daina ba shi sabuntawar tsaro ta yau da kullum tun 14 ga Oktoban 2025, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Tunda za ka ɗora sabo, duba ko injin zai iya ɗaukar Windows 11.