Shuɗin Hayaƙi a Injin Tsohuwar Tarakta

Shuɗin hayaƙi alama ce ta cewa baƙin mai, wato man da ke shafe sassan inji don kada su ci juna, ya sami hanyar shiga silinda yana ƙonewa tare da dizal. An fi ganinsa a taraktocin da suka sha aiki, irin su Massey Ferguson 135 mai injin Perkins silinda uku, wadda aka ƙera tsakanin 1964 da 1975 kuma har yau da yawansu na gona. Masu tarakta kan ce injin yana shan mai. Hukuncin da aka fi saurin yankewa shi ne ringi, wato zobban fistin, ya mutu, sai a sauke inji. Sau da yawa haka ne, amma akwai dalilai da dama masu sauƙin gyara da ke kawo hayaƙi iri ɗaya, kuma lokacin da hayaƙin ke fitowa shi ke nuna inda matsalar take.

Bambance launi

Baƙin hayaƙi na nufin dizal ya fi iska yawa, ko dai matatar iska ta toshe ko an yi wa tarakta lodin da ya fi ƙarfinta. Farin hayaƙi kuwa ruwan lagireto ne ya shiga silinda, ko kuma dizal ne ya fita bai ƙone ba. Nan ake ruɗewa. Injin dizal ba shi da filogi, zafin iskar da fistin ya matse ne ke kunna dizal, don haka idan injin ya yi sanyi, ko nozul, wato bakin da ke fesa dizal cikin silinda, na ɗiga maimakon feshi, ko famfon dizal na jinkirin turawa, dizal kan fito da hayaƙi fari mai ratsin shuɗi. Hanci ke raba gardama: ɗanyen dizal yana yaji a ido yana shaƙe maƙogwaro, baƙin mai kuwa ƙaurinsa mai nauyi ne, kuma hayaƙinsa kan daɗe yana yawo kafin ya baje. Shaida ta biyu ita ce sandar auna mai. Idan hayaƙi na fita amma mai bai sauka ba bayan kwanaki ana aiki, da wuya a ce baƙin mai ne ke ƙonewa.

Hanyoyin da mai ke bi

Ta ƙasa ita ce babbar hanya. Kowane fistin na da zobba, waɗanda makanikai ke kira ringi, daga uku zuwa biyar gwargwadon ƙirar injin. Na sama suna riƙe matsi, na ƙasa suna kankare mai daga bangon silinda su mayar da shi ma'ajiyarsa. Idan sun cinye, ko sun karye, ko gawayi ya liƙe su a cikin raminsu, mai sai ya haura. Abin da ya fi cinye su ƙura ce. Tsagewa ƙarama a robar da ke haɗa matatar iska da inji ta isa ta shigar da ƙurar gona ta goge ringi da silinda cikin lokaci kaɗan.

Akwai kuma lalacewar da rashin aiki ke kawowa, abin da ke ba mutane da yawa mamaki. Bangon silinda mai lafiya yana da ƙananan zane-zane masu giciye da juna, su ke riƙe ɗan man da ringi ke buƙata. Taraktar da ake bari tana silo na sa'o'i, ko ake ja mata kaya marar nauyi kullum, ba ta yin zafin da zai ƙone dizal gaba ɗaya. Ragowar sai ta toshe zanen, bangon ya koma sumul yana ƙyalli kamar madubi, ringi ya kasa kankare mai. Irin wannan inji kan tofar da baƙin ruwa mai danƙo ta bakin salansa. Cire abin da ke daidaita zafin ruwan inji, wanda wasu ke yi da sunan hana zafi, yana ƙara wannan ciwo, domin injin ba zai kai digiri 80 zuwa 90 da aka ƙera shi ya yi aiki a kai ba. Idan abin bai yi nisa ba, a ɗaura mata garma ta yi huɗa mai nauyi na wasu sa'o'i, hayaƙin kan ragu ko ya ɗauke.

Ta sama, mai kan zurara ta ramin da sandar bawul, wato ƙofar shigar iska da fitar hayaƙi a silinda, ke hawa da sauka idan ramin ya cinye ya yi faɗi. Wannan bai kai yadda yake a injin fetur ba, saboda tsohon injin dizal ba ya tsotsar iska da ƙarfi irin na fetur. Alamarsa hayaƙi ne da safe na ɗan lokaci bayan tarakta ta kwana, sannan ya washe.

Hanya ta uku ita ce ta iska. Tsofaffin taraktoci da yawa na amfani da matatar iska mai kwanon mai a ƙasa, kuma a jikin kwanon akwai layin da mai zai tsaya. Wanda ya zarce layin, injin zai zuƙe rarar ya ƙone ta. A injin da ke da turbo kuwa, wato na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji, idan sandar turbo ta yi laushi mai kan bi bututun iska. Wannan na da haɗari na gaske: injin dizal na iya gudu da baƙin mai kawai, ya yi ta ƙara wuta ko an kashe masa dizal, har ya fashe. Abin da ke tsayar da shi shi ne toshe bakin iska da katako ko wani abu mai tauri, ba da tafin hannu ba.

Bincike

A fara da abin da ba ya buƙatar sifana. A ajiye tarakta a shimfiɗaɗɗen wuri a auna mai. Idan ya wuce alama, ko dai an cika shi da yawa ko wani abu na kwarara ciki. Man da ya tsinke yana warin dizal na nuna famfon da ke ɗago dizal daga tanki ya huje, ko silin famfon nozul, wato robar da ke hana yoyo, ya saki, kuma tsinkakken mai na wuce ringi cikin sauƙi. A tabbatar kuma man da aka zuba mai kaurin da ya dace ne, galibi 15W-40.

Sai a duba bututun numfashin inji, wato wanda ke fitar da tururi daga ma'ajiyar mai, bayan injin ya yi zafi. Ɗan tururi ba komai ba ne. Idan yana huci da ƙarfi yana feso ɗigon mai, matsi na tserewa ta gefen ringi. Hucin da ke zuwa bugu-bugu na nuna silinda ɗaya ce ta lalace. Shi kansa bututun kan toshe da laka, matsi ya taru a ciki ya tura mai inda bai kamata ba, gyaransa kuwa wankewa ce kawai.

Hayaƙin da ke ƙaruwa idan an taka totur da lodi, tare da wuyar tashi da safe da raguwar ƙarfi, na ringi ne da silinda. Awon matsi ke tabbatarwa: a cire nozul a ɗaura ma'auni a kowace silinda. Adadin da ake nema yana cikin littafin injin, amma bambanci tsakanin silinda da 'yar'uwarta bai kamata ya wuce kashi 10 cikin 100 ba. Dabarar zuba ɗan mai a silinda a sake awo, wadda aka saba a injin fetur, ba ta da kyau a nan, domin sararin da ke saman fistin ƙarami ne ƙwarai, man na iya kamawa da wuta ko ya lanƙwasa sandar fistin. Ya fi aminci a hura iska cikin silindar a saurari inda take fita: ta salansa ko bakin iska bawul ne, ta bututun numfashi ringi ne.

Gyara

Kowane inji na cin ɗan mai, kuma tsohuwar taraktar da ke tashi da wuri tana jan garma kan yi shekaru ana ƙara mata. Magungunan kauri da ake zubawa a mai ɓoye hayaƙi kawai suke yi. Idan awo ya nuna lalacewa, yawancin waɗannan injuna na da hannun silinda, wato bututun ƙarfen da fistin ke hawa da sauka a ciki, da ake zarewa, sai a canza shi tare da fistin da ringi. Sa sabon ringi a bangon da ya yi ƙyalli ba tare da an sake zana shi ba ɓarnar aiki ce. Bayan an ɗaure inji a duba hanyar iska tun daga matata, a kuma fita da tarakta gona da matsakaicin lodi tun sa'o'in farko, domin matsin aiki ne ke zaunar da sabon ringi a jikin silinda.