Daga Janareta Zuwa Hasken Rana: Waiwaye Kan Wutar Jami'ar Bayero

A jami'o'in Turai da Amurka, batun kare muhalli yakan taso ne daga ɗalibai masu neman a rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. A Jami'ar Bayero da ke Kano, duhu ne ya kawo shi, da kuma tsadar man gas. Wannan asalin shi ne ya sa aikin samar wa jami'ar wutar hasken rana ya ɗauki siffar da yake da ita a yau.

Jami'ar ta faro ne a 1960 a matsayin Kwalejin Ahmadu Bello, a cikin Makarantar Nazarin Larabci ta Kano. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, sai aka sauya mata suna zuwa Kwalejin Abdullahi Bayero, ta zama wani reshe nata. A 1977 ta tsaya da ƙafafunta. Daga baya aka buɗe sabon matsuguni a kan hanyar Gwarzo, fili mai faɗin gaske, aka yi ta gina tsangayoyi da ɗakunan gwaje-gwaje da makwancin ɗalibai. Gine-gine suna ƙaruwa, ɗalibai suna ninkuwa, amma wutar da ake samu daga NEPA ba ta bi sahu ba.

Sunaye sun sauya. NEPA ta zama PHCN a 2005, a 2013 kuma aka sayar da harkar rarraba wuta ga 'yan kasuwa, Kano ta faɗa hannun kamfanin KEDCO. Abin da bai sauya ba shi ne dogaro da janareta, a Bayero da sauran jami'o'in ƙasar. Duk wanda ya yi karatu a wannan zamani ya san ƙarar inji a bayan ofis, ya san ɗalibai masu neman ajin da ke da haske da daddare lokacin jarrabawa. Asarar da ta fi ciwo ita ce wadda ba a gani: samfurin bincike da ke cikin firji ya lalace a dare ɗaya, aikin watanni ya tafi a banza. Hayaƙin gas kuwa kowa na shaƙa, ba a ma lissafa shi cikin asara.

Ƙofa ta buɗe ne daga wani waje dabam. Bayan yarjejeniyar sauyin yanayi ta Paris ta 2015, wadda Najeriya ta sa wa hannu a 2016, gwamnatin tarayya ta fitar da takardun lamuni na musamman don ayyukan kare muhalli a watan Disamban 2017. Kuɗin ya kai naira biliyan 10.69, kuma ita ce ƙasa ta farko a Afirka da ta yi hakan. Cikin ayyukan da suka amfana har da shirin Hukumar Samar da Wutar Lantarki a Karkara, wato REA, na samar wa jami'o'in tarayya 37 da asibitocin koyarwa 7 wutar kansu. Zangon farko ya ƙunshi jami'o'i 9, ciki har da Bayero, da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi.

A watan Satumban 2019, Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya buɗe tashar wutar sola ta Bayero mai ƙarfin megawat 7.1, wadda kamfanin METKA na ƙasar Girka ya gina. An ce a lokacin babu irinta a girma a Afirka cikin tashoshin sola masu zaman kansu da ba su jingina da babban layin wuta na ƙasa ba. An yi ta ne don ɗalibai fiye da 55,000 da ma'aikata fiye da 3,000, an kuma haɗa da fitilun titi na sama da kilomita 11. Akwai abin da ya kamata a lura da shi a cikin alƙaluman: megawat 3.5 ne ke fitowa daga farantan sola, sai batura masu adana wuta don dare, sai kuma janaretocin ko-ta-kwana. Ke nan man gas bai fita daga harabar ba, rage shi aka yi. Ni dai abin da ya fi burge ni a shirin shi ne ɗalibai mata 20 da aka koya wa aikin a wurin, domin tasha irin wannan ba ta rayuwa sai da masu iya taɓa ta.

A nan ne kuma gizo yake saƙar. Kano na da rana isasshiya, amma tana da ƙurar hunturu da ke lulluɓe faranti ta rage masa ƙarfi, sai an riƙa wankewa, wankin kuma na buƙatar ruwa da ma'aikata. Zafin bazara yana gajarta ran batir, kuma batir ne ɓangaren da ya fi saurin tsufa, sauya shi kuwa da dala ake yi. Gwamnati ta saba ware kuɗin gini da na bikin buɗewa. Kuɗin kulawa shekara bayan shekara shi ne ake barin jami'a da shi, alhali kasafinta da ƙyar yake ɗaukar abin da ke gabanta.

Abin da ya faru a 2024 ya ƙara fito da muhimmancin wannan. A watan Afrilu hukumar NERC mai sa ido kan harkar wutar lantarki ta ɗaga farashin wuta ga masu rukunin A, wato waɗanda aka ware wa wuta mafi yawa a rana, zuwa naira 225 kan kowane kilowat na awa ɗaya, daga ƙasa da naira 70. Jami'o'i da asibitocin koyarwa suka yi ta kuka da takardun biyan kuɗi na ɗaruruwan miliyoyi a wata. A watan Oktoba kuma yawancin jihohin Arewa suka shafe kwanaki cikin duhu, bayan an lalata layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, sannan wani layin da ya biyo ta Makurdi ya samu matsala. Daga nan sola ta daina zama abin ado a idon shugabannin jami'o'i.

Shirin na REA ya ci gaba. Bankin Duniya ya ɗauki nauyin zango na biyu, wanda ya haɗa da Jami'ar Maiduguri da asibitin koyarwarta da Jami'ar Tarayya ta Gashua, Bankin Raya Afirka kuma ya ɗauki na uku. Baturan da aka kafa a Kano a 2019 suna cikin na farkon da lokacin sauyawa zai riska, kuma yadda aka biya wannan kuɗin shi ne abin da Maiduguri da Gashua za su duba idan nasu ya zo.